Tsaron Makaranta Daga Ɗakin Iyaye Yake Farawa

A safiyar 30 ga Nuwamba, 2021, malamar lissafi a makarantar sakandaren garin Oxford da ke jihar Mishigan ta Amurka ta ga wani zane a kan takardar aikin ɗalibinta ɗan shekara 15. Ya zana bindiga da harsashi da mutum kwance cikin jini, ya kuma rubuta 'yan kalmomi na neman a taimake shi. Makaranta ta kira iyayensa, suka zo, aka zauna da su a ofishin malamin ba da shawara, aka ce su kai shi ga masu duba lafiyar ƙwaƙwalwa cikin kwana biyu. Suka ce aiki na jiransu, ba za su tafi da shi gida ba, yaron kuwa ya koma aji da jakarsa. Ba su faɗa wa kowa cewa kwana huɗu kafin nan uban ya sayo ƙaramar bindiga da sunan kyauta ga yaron ba, kuma ba wanda ya buɗe jakar. Wajen ƙarfe ɗaya saura na rana ya fito daga banɗaki ya buɗe wuta, ya kashe ɗalibai huɗu, ya ji wa mutum bakwai rauni. A 2024 kotu ta sami iyayen yaron, James da Jennifer Crumbley, da laifin kisa ba da gangan ba, ta ɗaure kowannensu shekara 10 zuwa 15, suka zama iyaye na farko a Amurka da aka hukunta saboda harbin da ɗansu ya yi a makaranta. A shari'ar uban an gabatar da wani kwaɗo mai waya, irin wanda ake zurawa ta cikin bindiga don kada ta ɗanu. An same shi a gidan, yana nan cikin ledarsa. Mai gabatar da ƙara ta ɗauki bindigar ta zura wayar ta kulle a gaban kotu cikin 'yan daƙiƙu.

Tun bayan harin makarantar Columbine na 1999, makarantun Amurka ke kashe maƙudan kuɗi a kan kyamarori, da na'urorin gano ƙarfe a bakin ƙofa, da 'yan sanda a harabar makaranta, da atisayen koya wa yara kashe fitila su ɓuya a lungun aji. Dukkan waɗannan shirye-shirye ne na tarbar bindiga bayan ta riga ta iso. Tambayar da ta fi su muhimmanci ita ce daga ina take fitowa, kuma an daɗe da sanin amsar. Hukumar Secret Service, wadda ke tsaron shugaban Amurka, ta yi nazarin hare-hare 41 da ɗalibai suka kai a makarantu tsakanin 2008 da 2017, ta fitar da rahoto a 2019. A cikin waɗanda suka yi amfani da bindiga, kashi 76 cikin ɗari sun ɗauko ta ne daga gidan iyayensu ko na wani dangi na kusa, kuma a kusan rabin hare-haren da aka kai da bindiga, bindigar tana wurin da hannu zai kai gare ta ba wuya. Ra'ayina ke nan a taƙaice: makarantar da ke son kare ɗalibanta dole ta yi magana da iyaye a kan yadda suke ajiye bindiga a gida, ta yi maganar da kowa da kowa, a kai a kai, ba da zargi ba, ta kuma haɗa da kayan kullewa a hannu. Nauyin na manya ne, kuma makaranta ce ta fi kowa samun kunnen manyan.

Kafin a ga dalilin hakan, sai a fahimci girman abin. Cibiyar Small Arms Survey ta Jiniba ta ƙiyasta a 2018 cewa akwai bindigogi kusan miliyan 393 a hannun fararen hula a Amurka, wato sun fi mutanen ƙasar yawa. Binciken da aka yi a faɗin ƙasar a 2015, aka kuma maimaita a 2021, ya nuna yara kusan miliyan 4.6 suna zaune a gidajen da ke da bindiga a ɗure kuma ba a kulle ba. A 2020 harbin bindiga ya zarce haɗarin mota, ya zama abin da ya fi kashe 'yan shekara 1 zuwa 19, inda ya ci rayuka sama da 4,300 a wannan shekarar kaɗai. Harbin makaranta shi ke cika kafafen labarai, amma ɗan ƙaramin kaso ne na wannan adadi. Bindigar da aka bari a durowa ko ƙarƙashin filo ko cikin jakar hannu tana da hanyoyi uku na kaiwa ga makara. Akwai ƙaramin yaro da ya tsince ta ya ɗauka abin wasa ne ya harbi kansa ko ƙaninsa. Akwai matashin da duniya ta yi masa zafi na ɗan lokaci ya juya ta kansa. Akwai kuma wanda ya sa ta a jaka ya nufi makaranta. Dukkan ukun ɗaliban wata makaranta ne, kuma kujerar da ta zama wayam a aji ba ta bambanta wace hanya aka bi.

Hanya ta biyu, wato kashe kai, ita ce aka fi yin shiru a kanta, kuma a nan ne makulli ya fi nuna amfaninsa. Mutane da yawa suna zaton wanda ya yi niyyar hallaka kansa ba abin da zai tare shi, in bai sami wannan ba zai nemi wancan. Abin da likitoci suka gano ya saɓa wa wannan zato. Wani bincike da aka yi a birnin Houston a kan matasan da suka tsira da ƙyar daga yunƙurin kashe kansu ya gano cewa kusan ɗaya cikin huɗu ba su yi minti biyar tsakanin yanke shawara da aikatawa ba. Kusan tara cikin goma na waɗanda suka tsira daga yunƙuri ba sa mutuwa ta wannan hanya daga baya. Ita kuwa bindiga ba ta ba da damar nadama, domin kusan kashi 85 zuwa 90 na yunƙurin da aka yi da ita yana ƙarewa da mutuwa, kuma mafi yawan matasan da suka mutu haka da bindigar wani na gida suka yi. Rundunar sojin Isra'ila ta ga wannan a aikace. A 2006 ta hana ƙananan sojoji tafiya gida da bindigoginsu a ƙarshen mako, sai yawan kashe kai a cikinsu ya ragu da kusan kashi 40, kuma raguwar ta fi yawa a ranakun hutun ne. Tazara aka sa tsakanin hannu da kunama a lokacin da zuciya ta tafasa. Abin da kwaɗo ko akwatin ƙarfe ke saya wa yaro ke nan, 'yan mintocin da zai huce, ko uwarsa ta shigo, ko abokinsa ya kira waya.

Ajiye bindiga yadda ya kamata abu huɗu ne masu sauƙi: a cire harsashi daga cikinta, a kulle ta, a kulle harsasan, a kuma ajiye su a wani wuri dabam da ita. Wani bincike da David Grossman da abokan aikinsa suka wallafa a mujallar ƙungiyar likitocin Amurka a 2005 ya kwatanta gidajen da yaro ya harbi kansa ko wani da bindigar gida da gidaje masu bindiga da ba a sami haka ba, ya gano cewa kowane ɗaya daga cikin matakan nan huɗu yana da alaƙa da raguwar haɗarin ƙwarai. Cibiyar bincike ta RAND, wadda ta shafe shekaru tana tace dubban nazarce-nazarce a kan dokokin bindiga, ta sa dokokin da ke hukunta barin bindiga inda yaro zai same ta cikin 'yan ƙalilan da ke da hujja mafi ƙarfi, domin suna rage kashe kai da harbin kuskure a tsakanin yara. A ƙasar da muhawarar bindiga ke raba uba da ɗa a kan tabarmar cin abinci, da wuya a sami wani batu da hujjarsa ta tsaya haka kuma masu bindiga da masu ƙin ta suka kusa haɗuwa a kansa. Matsalar ba ta rashin sanin abin da ke aiki ba ce. Abin da ya rage shi ne wanda zai kai saƙon cikin gida, ya kuma sa a yi aiki da shi.

A nan makaranta ta fi kowa. Likitan yara yakan ga iyali sau ɗaya ko biyu a shekara, in ma suna da inshora. Ɗan sanda sai abu ya ɓaci yake ƙwanƙwasa ƙofa, kuma a unguwanni da yawa ba a yarda da shi ba. Makaranta kuwa tana da lambar wayar kowane uba da kowace uwa, tana aika musu saƙo kusan kullum, tana tara su a taron iyaye da malamai, kuma tuni suka saba jin ta tana magana a kan allurar rigakafi, da hular kwano ta masu keke, da abincin da ke tayar wa wasu yara da cuta. Bayan haka, makaranta tana riƙe da wani sani da iyaye suka rasa, wato ta san yara fiye da yadda iyaye ke zato. A wani bincike da aka yi a karkarar jihar Alabama aka wallafa a 2006, an tambayi iyaye da 'ya'yansu daban-daban. A cikin iyayen da suka ce ɗansu bai san inda bindiga take ba, kashi 39 'ya'yan sun ƙaryata su. A cikin waɗanda suka ce ɗansu bai taɓa taɓa ta ba, kashi 22 'ya'yan sun ce sun taɓa. Uban da ya ɗora bindiga a saman kabad yana ganin ya ɓoye, alhali yaron ya daɗe da sanin kujerar da zai taka. Mafi yawan irin waɗannan iyaye suna son 'ya'yansu kamar kowa, kuskuren lissafi kawai suka yi, kuma kuskuren lissafi abu ne da bayani daga bakin da aka amince da shi yake iya gyarawa.

Wasu za su ce tunda aikin makaranta koyar da yara ne, to ta koya musu kada su taɓa bindiga, ta ƙyale iyaye. An gwada wannan. Tun 1988 ƙungiyar masu bindiga ta NRA ke da shirin Eddie Eagle mai koya wa yara cewa in sun ga bindiga su tsaya, kada su taɓa, su bar wurin, su gaya wa babba. Masu bincike a jami'ar jihar Dakota ta Arewa sun gwada shirin a 2004, suka ga yaran suna iya maimaita darasin da baki tsaf, amma da aka bar su a ɗaki da bindigar da ba ta aiki, ba su yi abin da suka faɗa ba. A wani gwajin da aka wallafa a 2001, an bar yara maza 'yan shekara 8 zuwa 12 rukuni-rukuni a ɗakin da aka ɓoye bindiga ta gaske wadda aka cire wa haɗari. Mafi yawan rukunonin da suka gano ta sun ɗauke ta, kusan rabi kuma sun ja kunamar, alhali akasarin waɗannan yaran an taɓa yi musu gargaɗi a kan bindiga. Duk wanda ya girma a gida mai rijiya ya san ana hana yaro leƙawa, ana ma tsawata masa, amma ba a dogara da tsawar, murfi ake yi mata. A ranar 6 ga Janairu, 2023, yaro ɗan shekara shida ya harbi malamarsa a aji a makarantar firamare ta Richneck da ke Newport News a jihar Bajiniya, da bindigar mahaifiyarsa da ya ɗauko daga gida. Babu darasin da za a ɗora wa ɗan shekara shida ya zama shi ne katanga ta ƙarshe. A ci gaba da koya wa yara, yana da ɗan amfaninsa, amma a san cewa ƙari ne a kan makulli.

Mataki na farko mai sauƙi ne, kuma an riga an fara shi. A 2019 hukumar makarantun Los Angeles, ta biyu a girma a Amurka, ta zartar da cewa a riƙa aika wa iyaye takarda a kan ajiye bindiga da abin da doka ta ɗora musu. A 2022 jihar Kaliforniya ta mayar da wannan doka ga dukkan makarantunta, a aika sanarwar kowace shekara. A Janairun 2024 sakataren ilimi na Amurka na lokacin, Miguel Cardona, ya rubuta wa shugabannin makarantu yana ƙarfafa su a kan haka, tare da samfurin wasiƙar da za su iya amfani da shi. Yadda aka rubuta takardar da wanda aka aika wa su ne ke sa ta yi tasiri ko ta ƙare a kwandon shara. Ta tafi ga kowane gida ba tare da zaɓe ba, domin da zarar an ware wasu iyalai ta zama tuhuma. Ta kasance gajeriya, da harsunan da iyayen ke ji, ta faɗi matakan nan huɗu da abin da dokar jihar ta ce, ta kuma faɗi inda za a sami kwaɗo kyauta. Kada ta yi wa kowa wa'azi a kan ko ya dace a mallaki bindiga. Ta zo a farkon zango tare da sauran takardun lafiya, ta sake zuwa gab da dogon hutu, lokacin da yara ke wuni a gida iyaye na wurin aiki. Tana da amfani ko ga gidan da ba shi da bindiga, domin ɗansu yana zuwa wasa gidan maƙwabci da gidan kakanni, kuma takardar tana ba uwa ƙwarin gwiwar tambayar maƙwabciyarta ko akwai bindiga a gidan, in akwai ko a kulle take.

Amma takarda kaɗai ba ta isa ba, kuma masu cewa ba ta da wani tasiri suna da rabin gaskiya. Da aka tattara gwaje-gwajen da aka yi a asibitoci da unguwanni a wani nazari na 2016, abin da ya fito fili shi ne shawara takan canza hali ne idan an haɗa ta da kayan kullewa kyauta, shawara zalla kuwa ba ta cika yin tasiri ba. A ƙauyukan 'yan asalin jihar Alaska, inda bindigar farauta take kamar fartanya ga manomi, an kafa wa gidaje kabad ɗin ƙarfe mai makulli, kuma bayan shekara guda yawan gidajen da ke barin bindiga a buɗe ya faɗi ƙasa sosai idan aka kwatanta da waɗanda ba a kafa musu ba tukuna. Kayan ma ba su da wuyar samu. Ƙungiyar masu ƙera bindiga da sayar da ita ta Amurka, ta hanyar shirinta na Project ChildSafe da ta fara a 1999, ta raba miliyoyin kwaɗuna masu waya kyauta ta hannun ofisoshin 'yan sanda. Makaranta za ta iya ajiye kwandonsu a ofis, da wurin taron iyaye, da bakin filin ƙwallo ranar wasa, kowa ya ɗauka ba a rubuta sunansa ba. Sai dai kwaɗon da ya zauna cikin leda a gidan Crumbley ya nuna cewa miƙa kaya ma bai wadatar ba. Ana buƙatar wanda zai tsaya a gaban iyaye ya nuna yadda ake cire gidan harsashi, a duba ba wanda ya maƙale a ciki, a zura waya, a kulle, a kuma gaya musu kada makullin ya kwana a durowa ɗaya da bindigar. Wanda ya fi dacewa da wannan aiki shi ne mutumin da masu bindiga ke ganin nasu ne, kamar tsohon soja, ko maharbi, ko mai koyar da harbi, domin magana daga bakin ɗan gida ta fi shiga.

Mataki mafi nauyi shi ne wanda aka rasa a Oxford. Duk lokacin da makaranta ta kira iyaye saboda yaro ya yi maganar mutuwa, ko ya rubuta barazana, ko ya shiga wani ƙunci da ya tayar wa malamai hankali, dole a yi tambaya kai tsaye: akwai bindiga a gida ko a wani gidan da yake zuwa, yaya aka ajiye ta, kuma an tabbatar tana nan a wurinta yanzu? Bai kamata a bar wannan ga ƙarfin halin malami ɗaya ba. A rubuta shi cikin ƙa'idar makaranta, a horar da masu ba da shawara da ma'aikatan jinya su yi tambayar da murya irin ta mai neman taimako, kamar yadda ake tambayar ko yaro yana shan wani magani. In amsar ta zama e, a nemi iyayen su fitar da bindigar daga gidan na ɗan lokaci, su kai wurin dangin da doka ta yarda ya riƙe, ko shagon bindiga, ko ofishin 'yan sandan da ke karɓar ajiya, har yaron ya farfaɗo. Binciken da wani kamfani mai zaman kansa ya yi a kan abin da ya faru a Oxford, wanda aka fitar a 2023, ya kammala da cewa da makarantar ta bi tsarin tantance barazana yadda ya kamata, da an iya kauce wa harin. Tambayar tana da nauyi a baki, amma ta fi sauƙi a kan abin da ke biyo bayan rashin yin ta.

Babbar sukar da ake yi ita ce wannan shiga sharo ba shanu ne, kuma siyasa ce aka shigo da ita makaranta ta ƙofar baya. A Amurka wannan suka tana da tushe. Gyara na biyu na kundin tsarin mulkin ƙasar, tun 1791, ya kare haƙƙin riƙe makami, kuma a 2008 Kotun Ƙoli ta tabbatar cewa haƙƙi ne na kowane mutum, har ta soke dokar birnin Washinton da ta tilasta a ajiye bindigar gida a kwakkwance ko a kulle kowane lokaci. Jihar Filorida ma ta taɓa yin doka a 2011 da ta taƙaita wa likitoci tambayar marasa lafiya batun bindiga, kafin kotun ɗaukaka ƙara ta rushe muhimman sassanta a 2017. Masu bindiga da yawa suna tsoron duk wata tambaya mafarin rajista ce, rajista kuma mafarin ƙwace. Amsar ita ce makaranta ta tsara aikinta yadda wannan tsoro ba zai sami wurin tsayawa ba. Kada ta tattara sunayen masu bindiga, kada ta tambayi yara a aji abin da ke gidajensu, kada ta gayyato 'yan siyasa taron. Bayani take bayarwa, ba ta ƙwace komai, ba ta kuma tilasta komai. Game da cewa ba huruminta ba ne, abin da ke shigowa aji cikin jaka ya riga ya zama huruminta. Haƙƙin uba na mallakar bindiga yana nan daram, haka ma haƙƙin iyayen yaron da ke zaune kusa da ɗansa na ganin nasu ya dawo gida da rai.

Suka ta biyu ta fi ta farko ƙarfi, kuma ta cancanci a saurare ta da kyau. Mafi yawan masu ƙaramar bindiga a Amurka sun saye ta ne don kare kai, kuma mutum zai ce in ɓarawo ya fasa ƙofa cikin dare, ina amfanin bindigar da ke kulle, harsashi kuma a wani ɗaki? Wannan tsoro na gaske ne, musamman ga matar da ke zaune ita kaɗai da 'ya'ya, ko iyalin da ke karkara nesa da 'yan sanda. Makarantar da ta raina shi ta rasa kunnen waɗanda ta fi buƙata. Abin da ya dace ta yi shi ne ta nuna musu cewa zaɓi bai tsaya tsakanin ƙarƙashin filo da kwaɗo mai waya ba. Akwai ƙananan akwatunan ƙarfe da ake kafewa a gefen gado, masu buɗewa da zanen yatsa ko da danna lambobi cikin daƙiƙa biyu ko uku. Bai kai matakan nan huɗu cika ba, amma ya raba bindiga da hannun yaro, kuma wannan shi ne babban abin nema. Sannan a sa iyaye su auna da kansu: ɓarawo wataƙila ya zo, wataƙila ba zai taɓa zuwa ba, yaro kuwa yana cikin gidan kowace rana, yana girma, yana bincike, wata rana kuma zai shiga shekarun da rai ke ɓaci a kan abin da babba zai ɗauka ƙarami ne. Bindigar da aka kulle kuma ta fi wuyar sata, ga shi bindigogin da ake sacewa daga gidaje da motoci suna cikin waɗanda ke ƙarewa a hannun masu laifi.

Akwai kuma masu suka daga ɗaya ɓangaren. Suna cewa an riga an yi wa malamai lodi fiye da kima, kuma wannan hanya ce ta 'yan majalisa su kauce wa yin dokoki masu tsauri su jibga wa makaranta. Suna ƙarawa da cewa mafi yawan matasan da bindiga ke kashewa a Amurka kisan kai ne a tituna, wanda kwaɗon gida ba zai magance ba. Duka biyun gaskiya ne gwargwado. Ajiya mai kyau ba za ta maye gurbin aikin majalisa ba, ba kuma za ta warkar da talauci da rikicin unguwa ba. Amma a tsarin Amurka dokar tarayya a kan bindiga takan ɗauki shekaru gommai kafin ta motsa, jihohi da dama har yau ba su da dokar hana barin bindiga kusa da yara, ɗaliban bana kuwa ba za su jira ba. Hukumar makaranta tana iya zartar da wannan a zama ɗaya. Batun nauyi kuma, aikin na ofis ne da masu ba da shawara, malamin aji ba sai ya ƙara darasi ko ɗaya ba. Malaman da ake sa su tura tebur bayan ƙofa suna rarrashin yara 'yan shekara shida su yi shiru a cikin duhu lokacin atisaye sun riga sun ɗauki kaya mafi nauyi, kuma duk abin da zai rage yiwuwar ranar gaske sauƙi ne a gare su.

Wannan batu na Amurka ne, amma wanda gemun ɗan'uwansa ya kama wuta ya san abin da zai yi da nasa. A arewa maso yammacin Najeriya matsalar 'yan bindiga ta sa makamai sun shiga gidajen da a da ba su da su. Gwamnan Katsina na lokacin, Aminu Bello Masari, ya yi kira a 2021 ga jama'a su nemi abin kare kansu, gwamnatin Zamfara ma ta yi irin wannan sanarwa a Yunin 2022, duk da cewa dokar ƙasa ta shardanta lasisi kuma hukumomin tsaro sun nuna rashin amincewa. Ko mutum yana goyon bayan wannan kira ko yana ƙinsa, bindigar maharbi da ta ɗan banga tana kwana ne a ɗakin da yara ke shiga, sau da yawa a ɗure, jingine a bayan ƙofa. Makarantar boko da Islamiyya da ta allo duk suna da kunnen iyaye, kuma tushen maganar yana cikin addini, domin ya tabbata Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci mai ratsa masallaci ko kasuwa da kibau ya riƙe tsininsu don kada ya ji wa wani rauni, ya kuma hana nuna ɗan'uwa da makami. Mai makami shi ke da alhakin tsare mutane daga makaminsa, kuma 'ya'yansa ne suka fi kowa kusa da shi.

Abin da ake nema daga makaranta bai fi ƙarfinta ba. Ta aika wa kowane gida takarda mai ladabi sau biyu a shekara, ta ajiye kayan kullewa inda za a ɗauka ba tare da kunya ba, ta samo wanda iyaye suka yarda da shi ya nuna yadda ake amfani da su, ta kuma wajabta wa ma'aikatanta tambayar bindiga duk ranar da yaro ya shiga hali. Wasu iyayen za su yi fushi, wasu za su jefar da takardar, kuma ba wanda zai taɓa iya nuna yaron da aka ceta, domin haɗarin da aka kauce wa ba ya shiga labarai. Duk da haka hujjar ta isa a yi aiki da ita: mafi yawan bindigogin da ɗalibai ke kai hari da su daga gida suke fitowa, kullewa tana rage mutuwa, iyaye kuma suna canzawa idan an yi musu magana da mutunci aka sa musu kayan aiki a hannu. Shugaban makarantar da ya san waɗannan abubuwa uku ya kuma zaɓi yin shiru don gudun ɓacin ran wasu iyaye, ya bar wa ɗalibansa haɗarin da yake da ikon ragewa.